Tambayi Likita: Yanar Ido, Afolo da Amadari

Tunda hunturu ya kama, ƙura ta tashi, kusan duk saƙonnin da suka shigo a kan ido suke. Ga waɗanda na tsamo.

Wani ɗalibi daga Jami'ar André Salifou: Likita, in na daɗe ina karatu a waya idona yana yaji. Makanta ce ke tafe?

A'a, ɗana. Mai kallon waya yana manta ƙifta ido, sai idon ya bushe. Duk bayan minti 20 ka ɗaga kai ka dubi nesa. In yajin bai daina ba bayan mako biyu, ka zo a duba.

Wani tela daga Kasuwar Dole: Shekarata 46, zura zare a allura ya fara gagarata. An ce tabarau yana ƙara kashe ido.

Ba ya kashewa, Malam, shekaru ne kawai. Amma kada ka sayi na kan tebur ka wuce. Ka je a gwada ka, a auna maka hawan jinin ido, domin shi ba ya ciwo, ba ya sallama, kuma abin da ya ci ba ya dawowa.

Wani daga wajen Magariya: Yanar ido ta rufe wa mahaifina ido biyu. Akwai mai magani da ke zuwa ranar kasuwa, yana sauke yanar da tsinke, nan take mutum ya ga haske. Baba yana tsoron asibiti, ya ce ciro ido ake yi a ajiye a faranti. Mu kai shi wurin mai tsinken?

Don girman Allah kada ku kai shi. Ka zauna ka karanta wa Baba wannan amsar a hankali.

Yana ba wata fata ba ce da ta lulluɓe ido daga waje. Can ciki, bayan baƙin ido, akwai wata ƴar ƙwaya garai-garai kamar gilashi, girmanta bai wuce ƙwayar wake ba. Ita ke tattara haske har mutum ya ga abu sarai. Da tsufa, ko ciwon sukari, ko bugu, sai ta yi fari kamar an zuba mata nono. Mai tsinke ba ya fitar da ita. Sokawa yake yi ya ture ta, ta faɗa can ƙasan ido. Haske ya shiga, tsoho ya yi kabbara, jama'a su ɗauka, a biya kuɗi, mai magani ya naɗe tabarmarsa ya nufi kasuwa ta gaba.

Abin da ke biyo baya mu ke ganinsa, shi ba ya nan. Bayan kwanaki ko makonni ido ya yi ja, ya kumbura, ciwon kai ya hana barci. Wani, tsinken ya shigar masa da ƙwayoyin cuta, ido ya yi mugunya. Wani kuma, ƙwayar da aka ture ta tayar masa da hawan jinin ido, jijiyar gani ta mutu. Idon da a da aikin ƙasa da rabin awa zai gyara shi, yanzu an kawo mana shi babu abin da ya rage sai rage zafi. Ko wanda ya yi sa'a bai samu ko ɗaya cikin waɗannan ba, dishi-dishi zai riƙa gani, sai da tabarau mai kaurin gindin kwalba.

Batun faranti kuwa, ka gaya wa Baba ba a taɓa yi ba. Ido a ɗaure yake da jijiyar gani da tsokoki shida, yana nan a gurbinsa har a gama. Allurar kashe zafi ake yi a gefensa, a yi ƴar ƙaramar tsaga, a fitar da ƙwayar da ta lalace, a sa ta roba a madadinta. Mutum yana farke, yana jin hirarmu. Washegari a cire bandeji. Kuma ba sai yanar ta "nuna" ba, kamar yadda ake cewa a da. Da zarar ta hana mutum harkarsa, lokaci ya yi. Babu maganin ɗigawa, babu tozali, babu rubutun sha da ke narkar da ita.

Na san kuɗin mota da na aiki ba wasa ba ne a bana. Ku fara da likitan CSI ɗinku, wato ƙaramin asibitin yankinku, ya rubuta muku takardar zuwa sashen ido na babban asibitin Damagaram, ku kuma tambaye shi ko akwai aikin ido na kyauta da ke tafe, domin akan yi lokaci-lokaci. In har an riga an soke idon wani a gidanku, ku kawo shi yau, kada ku jira ya fara ciwo.

Wata uwa daga Garin Malam: Afolo ya kama yarana uku. Maƙwabciya ta ce in ɗiga musu ruwan sukari ko fitsari.

Subhanallahi! Hajiya, har yanzu muna nan? Fitsari na iya ɗauke da ƙwayar ciwon sanyi, wadda ke huda ido cikin kwanaki kaɗan. Na ga ruwan batir, na ga lemon tsami, na ga ruwan albasa. Afolo shi kaɗai yakan wuce cikin mako ɗaya zuwa biyu. Abin da ake zubawa ne ke bar wa yaro hakiya. Ki wanke musu da ruwa mai tsabta, kowa da tsummansa, a yawaita wanke hannu da sabulu. Kada ki sayi maganin ɗigawa wurin masu talla, wasu na ɗauke da sinadarin da ke tayar da hawan jinin ido. In gani ya ragu, ko mugunya ta yi yawa, ko jariri ne, asibiti nan take.

Wani daga Mirriya: Na ji a rediyo an ce Nijar ta kawar da cutar makanta. Amadari ya ƙare ke nan?

Ba shi ba ne. Wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a watan Janairun 2025 ita ce makantar da ƙudan bakin kogi ke kawowa, kuma Nijar ce ƙasar Afirka ta farko da ta kai ga haka. Amadari kuwa, wato ciwon da kan juya gashin ido ciki har ya makantar, Mali da Benin sun rabu da shi a 2023, mu da sauranmu. A wanke wa yara fuska kullum, a sha magani in masu rabo sun zo. Tsohuwar da gashin idonta ya juya ciki yana gogar ido, a daina tsige mata da matsefata, a kai ta asibiti a gyara fatar idon, aiki ne na ɗan lokaci.