Tambayi Likita: Haƙorin Makka, Ciko da Wankin Haƙora

Wata Hajiya daga Daura: Likita, an sa min haƙorin Makka lokacin da na je sauke farali. Yanzu wurin yana wari, in na yi asuwaki sai jini. Me ke faruwa?

Hajiya, Allah ya karɓi ibada. Zinariya ko azurfa ba ta ruɓewa, amma haƙorin da aka kifa ta a kansa yana ruɓewa. Sau da yawa kwanson ba ya zama daram, sai a sami 'yar kafa a inda ya haɗu da dasashi. Nan ɓurɓushin tuwo da zaren nama ke maƙalewa, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, dasashi ya kumbura ya yi ja. Warin da jinin daga nan suke. Abin da ke damuna shi ne, ɓarnar tana ɓoye a ƙarƙashin ƙarfe mai walƙiya, mai shi ba ya ganin komai a madubi har sai zugi ya hana shi barci.

Kada jinin ya sa ki daina goge wurin. Barinsa ne ke ƙara ta'azzara shi. Ki samu buroshi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fuloraid, safe da dare, ki karkata shi zuwa bakin dasashi ki goge a hankali. Tsinken tsintsiya ko allura kuwa ki rabu da su, zaren sakace da ake sayarwa a kemis ya fi. Sannan ki je wurin likitan haƙori, ko a sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, a duba. In ta kama a cire kwanson a ga abin da ke ciki, ki yarda. Ana iya auna bakinki a yi miki wani wanda ya zauna daidai.

Wani ɗan kasuwa daga Ƙofar Ƙaura: An yi min ciko a turmi, amma ruwan sanyi yana tsira min har ka.

Malam, wannan yakan faru, kuma yakan lafa cikin mako 1 zuwa 2. Farin ciko yana ƙarfi nan take da fitilar da ake haska masa. Mai kalar azurfa yana bukatar kusan awa 24. Ka ɗan sarara wa aya, goruba, rake da tauna ƙashi a wannan ɓarin. Amma in ka rufe baki ka ji cikon ne ke fara taɓa haƙorin da ke fuskantarsa, ya yi tudu, ka koma a rage shi. In kuma yana zugi da kansa cikin dare, kada ka jira.

Wata amarya daga Sabuwar Unguwa: An wanke min haƙora sun yi fari saboda biki. Ya zan yi su daɗe?

Ƙanwata, Allah ya sanya alheri. Awa 48 na farko ki kauce wa goro, baƙin shayi, zoɓo da miyar manja. Bayan nan, duk lokacin da kika sha su ki kuskure baki da ruwa. Gawayi da toka da lemun tsami da ƙawaye za su ba ki shawara, kada ki kusance su: kankare ɓawon haƙori suke yi, rawayan da ke ƙasa ya fito, kuma ɓawon nan ba ya sake tsirowa.