An yi ma fatar jar akuya rajista, to ina kuɗin?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni majemi ne nan Maradi, jima gadonta na yi wurin mahaifina. Mun ji a rediyo wai fatar jar akuyarmu ta samu takardar kariya, amma wallahi har yau yadda dillali ya saba saye haka yake saye, ko dala ba ta ƙaru ba. To mi ne amfanin wagga takarda?

Amsa: Wa alaikumus salam, sannu da ƙoƙari ɗan'uwa. Maganar da ka ji gaskiya ce, hukumar OAPI mai kare haƙƙin mallakar fasaha da tamburan kasuwanci a Afirka, mai mazauni a Yawunde, wadda ƙasashe 17 suka haɗu cikinta har da Nijar, ta yi rajistar fatar jar akuyar Maradi da cuku, da kilishin Nijar da albasar Galmi. Sai dai takardar suna take karewa, ba ta yanka farashi. Abin da ta ba ku shi ne ikon hana wani ya kwaso fatar da ba taku ba ya manna mata tambarinku.

Kuma ka san wagga fatar ta daɗe tana cin kasuwa da sunan wasu, tun zamanin ayari ake ƙetare Sahara da ita Turawa na ce mata fatar Maroko, abin na taɓa mani zuciya sosai.

Kuɗin na zuwa ne in mai saye ya yarda duk fatar da ke da tambarin nan babu hujin wuƙar fiɗa, babu ƙunar rana, an jeme ta da bagaruwa yadda ya kamata, kuma wannan sai da ƙungiya da mai duba kaya da kuɗin biyan shi da kuɗin kai ƙara in an kama jabu, ga shi majemi guda bai iya ɗaukar wanga nauyi shi kaɗai. Masoron Penja na Kamaru ya samu rajista a 2013, farashinshi ya tashi don manoman sun haɗa kai sun tsare ƙa'ida.

Don Allah ka tafi ofishin ma'aikatar kiwo ka tambayi wace ƙungiya ke riƙe da tambarin, da sharuɗɗan shiga da abin da ake biya. Ku ja mahauta a jiki kuma, don tun wurin fiɗa ake ɓata fata. In kun tara fata ɗari masu kyau wuri guda, da bakinku za ku yi ciniki da mai fitarwa waje, ba ta bakin dillali ba.