Ƙwai shuɗi ba shi ne shaidar asali ba

Ka tambaye ni, ɗana, ko kazar nan da ake tallarta da sunan Americana, mai ƙwai shuɗi, ita ce Araucana, kuma ko za a karɓe ta a gasar kajin ado. To, kasa kunne.

Araucana 'yar ƙasar Chile ce, daga yankin ƙabilar Mapuche. A 1976 ƙungiyar masu kiwon kaji ta Amurka, APA, ta amince da ita bisa sharaɗi: kada ta kasance da bindi ko kaɗan, sannan ta zo da tuntun gashi a gefen kunnuwa. Wannan tuntu shi ne ciwon kan masu kiwonta, domin ɗan tsakon da ya gaje shi ta uwa da uba duka, galibi a cikin ƙwai yake mutuwa. Tausayi nake ji idan na tuna yawan asarar da suke yi a ƙyanƙyasa. Daga baya aka fitar da Ameraucana, mai bindi, mai gemu da saje, ta samu rajista a 1984.

Ita kuwa taka, duba rubutun sunan da kyau: Americana ne, ba Ameraucana ba. Yawancin waɗanda ake sayarwa da sunan Americana ruwa biyu ne, waɗanda Amurkawa ke kira Easter Egger. Suna da ƙwai, suna da juriya, ban raina su ba. Amma babu wata siffa da aka tsayar musu, don haka alƙali ba shi da ma'aunin da zai auna su da shi. Gadon shuɗin nan yana da rinjaye, ko ɗaya daga iyaye ne ke da shi yana iya fitowa a 'ya'ya, shi ya sa ruwa biyu ma ke yin ƙwai shuɗi.

Fasa ƙwan, ka ɓare 'yar fatar ciki. Shuɗin ya ratsa ɓawon ciki da waje. A ƙwai mai ruwan ƙasa kuwa, launin shafe ne a bayan ɓawo kawai. Idan ka ga kore, an haɗa jinin biyun ke nan.

A Ingila ma abin daban yake: suna karɓar Araucana mai bindi da tukku a ka, wadda a Amurka alƙali zai fitar da ita daga gasar. Kafin ka ba da kuɗinka, tambayi mai sayarwa ma'aunin wace ƙasa yake bi, ya kuma nuna maka uwar da zakaran.