Ana cire min kuɗi duk wata kuma na goge manhajojin, me zan yi?

Wata 'yar kasuwa ce ta turo wannan: "Salam malam. Ina sayar da kayan sawa da jakunkuna ta WhatsApp da Instagram, wayoyi biyu gare ni, Android ta kasuwanci da iPhone tawa ta kaina. Kwanan nan na lura alat na ta shigo min na cirar kuɗi ƙanana ƙanana, wani an rubuta Google, wani Apple, wani ma ban gane sunan ba. Na goge duk manhajojin da nake zargi amma ba a daina ba. Kutse aka yi min ne? In rufe asusun in buɗe sabo?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Kar ki rufe asusun tukuna, kastomominki sun saba da lambar kuma canza ta ma wata asarar ce. Kutse na iya faruwa, amma ɓarawo bai cika ɗaukar adadi ɗaya a rana ɗaya ta kowane wata ba, shi in ya samu hanya kwashewa yake. Abin da kika kwatanta ya fi kama da sub (kuɗin amfani da manhaja da ake biya lokaci-lokaci, kamar duk wata) mai sabunta kansa, wato wata rana ke ko wani da ya riƙe wayarki ya danna amincewa, tun daga ranar ake cira har sai an je an ce a daina.

Goge manhajar da kika yi bai taɓa yarjejeniyar ba ko kaɗan. Kamar ki kama hayar shago ne ki kwashe kayanki ki kulle ki yi tafiyarki ba ki gaya wa mai shagon kin tashi ba, shi dai kuɗin haya yake lissafawa. Manhajar tana kan waya, izinin cirar kuɗin kuma yana wajen wanda ke karɓar kuɗin, to shi za ki nemo, kuma ba mutum ɗaya ba ne.

Ki fara da banki kafin ki taɓa wayar. Ki sauke sitatimen na wata 12 cif, ba na wata uku ba, saboda akwai sub ɗin da sau ɗaya yake cira a shekara kuma shi ne ya fi zafi don babba ne, sai ki wayi gari kin ga kuɗin da kika ware na sarin kaya ya ragu. Ki ɗauki biro ki ja layi a ƙarƙashin duk abin da ya maimaita kansa. Na Apple yawanci za ki ga an rubuta apple.com/bill, na Google kuma yana farawa da GOOGLE sai alamar tauraro sai sunan abin da aka saya. Wanda kika ce ba ki gane sunansa ba ki kwafi sunan yadda yake ki nema a cikin imel ɗinki, domin sau da yawa sunan kamfani daban sunan manhajarsa daban, kuma kusan duk suna turo risit ta imel, mu ne ba ma buɗewa.

A iPhone ki shiga Settings, ki taɓa sunanki da ke can sama, ki taɓa Subscriptions. Nan za ki ga masu rai da waɗanda suka ƙare, da ranar da za a sake cira, ki taɓa wanda ba ki so ki danna Cancel Subscription. In ba ki ga wajen sokewar ba kuma an rubuta ranar ƙarewa to an riga an soke shi. Na iCloud, wajen ajiyar hotuna da bayanai na Apple, ki duba shi a ƙarƙashin iCloud a wannan shafin na sunanki. A Android ki buɗe Play Store, ki taɓa hotonki na sama a hannun dama, sai Payments & subscriptions, sai Subscriptions. Amma fa a nan mutane da yawa ke ɓata: sub yana manne ne da akawun ɗin Gmail ɗin da aka saye shi da shi, in kina da Gmail biyu ko uku a wayar sai kin duba kowanne ɗaya bayan ɗaya, har da tsohon da kika daina amfani da shi, har da na yaron da ke taya ki ɗora kaya in kin taɓa sa masa katinki a wayarsa. Wayar da ta ɓata ko kika sayar ita ma haka, wayar ta tafi amma akawun ɗin da katin suna nan.

To in kin gama da waɗannan biyun kika ga har yanzu akwai layukan da kika ja a sitatimen da ba su fito ba, waɗannan kai tsaye suke cira daga katinki ba ta hannun Apple ko Google ba. Netflix misali tun ƙarshen 2018 ta daina karɓar sababbin masu biya ta hannun Apple, Spotify ma galibi a shafinta ake biya. Canva, CapCut, Microsoft 365, ChatGPT da ire-irensu ana iya biyansu ta cikin waya ana kuma iya biya a shafinsu na intanet, inda kika yi rijistar can za ki koma ki soke. In kina da PayPal shi ma yana da wajensa na biya mai fita da kansa a cikin saitin ɗinsa, ki leƙa. Sai kuma layin wayarki, wannan ba zai fito a banki ba sam tunda daga katin waya ake cira: data mai sabunta kanta, waƙar da mai kira ke ji, saƙonnin labarai ko wasanni da aka sa ki ba ki lura ba. Ki duba manhajar kamfanin layin ko ki kira su ki ce su karanto miki duk abin da layin ke kai su cire.

Tunda a Instagram kike kasuwanci bari in tsaya a kan talla, don ita ce na fi jin tsoro a lamarinki. In kin danna Boost a kan hoto ana tambayarki nawa za ki kashe a rana da kuma kwana nawa, akwai kuma zaɓin a bar tallar ta yi ta tafiya har sai kin tsayar da ita da kanki. Wanda ya zaɓi wannan ya manta, kayan sun ƙare tun tuni amma tallar na can tana cin kuɗi kullum, kuma Meta, kamfanin da ke da Instagram, ba ta jiran ƙarshen wata kawai, duk sanda bashin ya kai wani adadi sai ta cira, shi ya sa cirar ke zuwa a ranaku mabambanta har mutum ya ɗauka sata ce. Wannan ba za ki gan shi a Subscriptions ba, sai a wajen talla na Instagram ɗin ko a Ads Manager, wajen kula da talla na Meta. Sannan tun 2024 wanda ya yi Boost daga cikin manhajar Facebook ko Instagram ta iPhone ana iya ɗora masa ƙarin kashi 30 cikin 100 na Apple, in kuma ya yi ta burauza babu wannan ƙarin. Tunda kina da Android ki riƙa yin tallarki daga can ko ta burauza.

Dalilin da ya sa komai ya koma biyan wata-wata ba ɓoyayye ba ne. Apple ta buɗe wannan tsarin a App Store a 2011, Google ta biyo baya a Play a 2012, masu manhaja suka ga ya fi musu a riƙa biyansu kullum a kan a saya sau ɗaya a wuce. Ke ma 'yar kasuwa ce, kin san darajar kastoman da ke dawowa, don haka ban ga laifin tsarin ba in abin na aiki ne. Inda nake da matsala shi ne masu gwajin kyauta na kwana uku ko bakwai da sai kin sa kati, musamman ƙananan manhajojin gyaran hoto, cire bayan hoto, sikanin takarda, VPN, waɗanda ke rubuta farashin sati da ƙananan haruffa. Shekara sati 52 ce. Abin da ke cin 10 a sati, ko da wane irin kuɗi kike lissafi, 520 ne a shekara, alhali mai cin 30 a wata 360 ne, amma ido 10 ɗin yake gani ya ce wannan ya fi araha.

Yanzu ga lissafin da nake so ki yi wa kowanne, kuma wallahi shi ne ya fi sokewar muhimmanci. Kuɗin sub daga riba yake fita ba daga ciniki ba. In ribarki a kan kaya kashi 10 ce cikin 100, duk 1 da sub ya ci sai kin yi cinikin 10 kafin ki mayar da shi, to ki ɗauki jimillar shekara ta kowane sub ki tambayi kanki jaka nawa zan sayar in biya wannan, kuma shi ya taɓa sayar min da ko ɗaya? Manhajar da kike haɗa hotunan talla da ita kullum ta ci kuɗinta, ki bar ta ki rubuta ta a littafin kashe-kashe kusa da kuɗin data da na aike. Wadda rabonki da buɗe ta tun watanni ki soke yau. Akwai kuma masu aiki iri ɗaya, manhajar gyaran bidiyo biyu, wajen ajiya biyu, ki zaɓi ɗaya. Na kallo da na kiɗa ba na ce ki daina ba, haƙƙinki ne ki huta, amma kar su fita daga asusun kasuwa, domin haɗa su waje ɗaya ne ke sa mutum ya yi ta cin uwar kuɗi yana ganin kamar kasuwa ce ba ta tafiya.

Guda ɗaya ne zan ce kar ki yi gaggawar soke shi, wato wajen ajiya. Google na ba da 15GB kyauta wanda Gmail da Drive da Photos ke rabawa, Apple na ba da 5GB a iCloud. Tun 2024 ajiyar hirarrakin WhatsApp ta Android ma cikin wannan 15GB ɗin ake lissafa ta, ke kuwa odar kastomomi da shaidar biyansu da hotunan kaya duk a WhatsApp suke. In kin soke alhali kayanki sun fi na kyautar yawa, ajiyar za ta tsaya, imel ma zai daina shiga, ranar da wayar ta faɗa ruwa kuma sai ki rasa na watanni. Ki fara rage tsofaffin bidiyo ki kwashe hotuna zuwa kwamfuta, sannan ki sauko ƙaramin tsari. In kuma akwai 'yan uwa da kowa ke biyan nasa daban, Apple da Google duk suna bari mutum ya raba wajen ajiyar da wasu mutum 5.

Galibi in kin soke sub ɗin da kika riga kika biya za ki ci gaba da amfani da shi har ranar da kuɗin zai ƙare, don haka babu amfanin ki ce bari in jira ƙarshen wata, jiran ne ke kawo mantuwa. Gwajin kyauta kuma Apple ta ce a soke aƙalla awa 24 kafin ya ƙare, to ranar da kika fara shi ki sa ƙararrawa a kalandar waya kwana biyu kafin. Biyan shekara ya fi araha a lissafi, gaskiya ne, amma kar ki ɗaure jarinki a abin da ba ki gwada na wasu watanni kin tabbatar kina buƙata ba, kuɗin da za ki juya sau da yawa a kaya ne. Ki kuma riƙa kwatanta farashin cikin manhaja da na shafin kamfanin, saboda Apple da Google na yankar kashi 15 zuwa 30 cikin 100 wasu kamfanonin kuma a kan mai saye suke ɗorawa, YouTube Premium misali ya fi tsada in ta cikin iPhone aka biya.

Na abin da aka riga aka cira, ki gwada neman a mayar. Na Apple a reportaproblem.apple.com ake nema, na Google a tarihin sayayyarki na Play, kuma nasu ya fi sauƙi in bai wuce awa 48 ba, bayan haka sau da yawa wajen mai manhajar za su tura ki. Ba tabbas za a ba ki ba amma nema ba ya cin komai. Ki kuma kunna neman fasawod ko yatsa kafin kowace sayayya a wayoyin biyu, musamman in yara na ɗaukarsu su yi gem.

Wasu za su ce miki ki toshe katin kawai ki karɓi sabo. Ban ba ki wannan shawarar a matsayin ta farko ba, domin zai yanke har da waɗanda kike buƙata, bashin talla kuma yana nan a kanki har a tsayar miki da akawun ɗin tallar, sannan Visa da Mastercard suna da tsarin da a wasu bankunan yake miƙa wa kamfanonin bayanan sabon katin, sai cirar ta biyo ki. Toshe kati na wanda kika nema a Apple da Google da imel da PayPal da Meta ba ki same shi ba ne, ko wanda kika soke ya ƙi dainawa. A nan sai ki je banki da sitatimen ɗin da hoton allon da ke nuna ranar da kika soke, shi ya sa duk wanda kika soke ki ɗauki hotonsa ki ajiye. Sabon katin kuma in ya zo ki haɗa shi da wani ƙaramin asusu daban da ba nan kastomomi ke turo kuɗi ba, ki riƙa zuba masa iya abin da sub ɗin da kika amince da su ke ci a wata.