Shin waya na iya auna karkatar farantin sola?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi farantan sola biyu zan ɗora a kan rufin kwano a gidana a Kano. Mai haɗa min ya ce a karkata su "digiri goma sha wani abu", amma da ido kawai yake aunawa. Wayata za ta iya auna min?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ƙwarai kuwa za ta iya, kuma na ji daɗi da ka tambaya kafin a ɗaure ƙusoshi.

Bari mu fara da digirin kansa. Kusurwa ita ce buɗewar da ke tsakanin layi biyu da suka haɗu a wuri guda, kamar ƙofa da bango. Idan ka juya a tsaye har ka dawo inda ka fara fuskanta, ka yi digiri 360. Rabin juyi 180 ne. Inda bango ya haɗu da daɓe kuwa 90 ne. Faranti a kwance yana kan sifili, a tsaye yana kan 90, kai kuma abin da kake nema yana kusa da kwanciya.

Kano tana wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, shi ya sa ake karkata faranti kamar digiri 12 zuwa 15, fuskarsa na kallon kudu. Ni dai na fi son 15. Duk wanda ya shafa farantin da aka kwantar bayan makon hunturu ya ga yadda ƙura ke zama a kai kamar gari, ga ruwan sama da ke kwanciya ya bushe ya bar tabo a gefe. Ɗan tudun nan shi ke sa ruwa ya gangara da datti.

A cikin wayarka akwai wata 'yar na'ura mai jin inda nauyi ke ja, ita ce ke juya maka hoto idan ka kwantar da waya. Da ita ake awon. A iPhone ka buɗe manhajar Measure, ka taɓa Level. A Android ka nemi Clinometer ko Bubble Level a Play Store. Cire rigar wayar tukuna. Kada ka kwantar da ita a bayanta, domin tudun kyamara zai ɗaga gefe ɗaya ya ba ka lambar ƙarya. Kafa ta a kan dogon gefenta, wanda madannai ba su tokare ba, a kan ƙarfen gefen farantin da ke gangarowa daga sama zuwa ƙasa. Karanta lambar, ka juya wayar kai ya koma ƙafa, ka sake karantawa. In ta ce 14 sannan ta ce 16, to 15 ne.

Inda nake so ka yi hattara shi ne neman kudu. Kamfas ɗin waya, wato manhajar da ke nuna kudu da arewa, da maganaɗisu yake aiki, kwano da ƙarfe kuma suna ruɗa shi sosai. Ka nemi kudu a tsakar gida, nesa da mota da janareta, ka sa ido kan wata bishiya ko gini, sannan ka hau.

Ka kuma tabbatar da tef ɗin awo. A kowace mita ɗaya ta tsawon farantin, bakinsa na sama ya ɗara na ƙasa da kusan santimita 21 idan digiri 12 ne, ko santimita 26 idan 15 ne. Daga layin da yake a kwance sosai ake auna wannan, ba daga kwanon ba, tunda rufin ma yana da tasa karkatar.