Virt-manager na ta neman kalmar sirri: ina matsalar take?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Tawa. Na ɗora Debian 12, wani nau'in Linux, a kwamfutata, na saka virt-manager, manhajar ƙirƙirar injin kwaikwayo (kwamfuta a cikin kwamfuta), don in gwada Windows a ciki. Duk na buɗe shi sai ya nemi kalmar sirri, wani lokaci ma ya ce ya kasa haɗuwa da libvirt. Abokina ya ce in riƙa buɗe shi da sudo, umarnin da ke ba da ikon root, wato babban asusu mai iko da komai a kwamfutar.

Amsa: Ƙanena, dabarar abokinka tana aiki, amma ajiye ta. Sudo zai iya barin maka fayiloli mallakin root, gobe ka zo taɓa su a hana ka.

Virt-manager taga ce kawai. Mai aikin shi ne libvirtd, manhajar libvirt da ke aiki a bayan fage, wanda ke gudana da ikon root yana tuƙa QEMU da KVM, masu tafiyar da injin kwaikwayon. In ka buɗe manhajar, tana neman haɗin qemu:///system, sai mai gadi, wato polkit, ya tare ta: wa ya aiko ki? Shi ne ke neman kalmar sirrin. 'Yan rukunin libvirt kuwa ba ya tsayar da su. To, shiga rukunin:

sudo usermod -aG libvirt $USER

Kula da ƙaramin a ɗin nan na -aG. In ka bar shi, za a cire ka daga sauran rukunanka, har da na sudo, ka ga an yi gyaran gangar auzinawa. Bayan haka ka fita daga asusunka gaba ɗaya ka sake shiga, ko ka kashe kwamfutar ka kunna. Nan mafi yawa ke tuntuɓe: su rufe tagar kawai, su ce bai yi ba. Rubuta id ka duba ko libvirt ya fito.

In har yanzu ya ƙi haɗuwa, wataƙila libvirtd ne bai tashi ba. Duba da systemctl status libvirtd, ka tada shi da sudo systemctl enable --now libvirtd.

Wani abu da na sha gani a nan Yamai: kalmar sirri daidai take, madannai ne suka sauya. Kwamfutocinmu na hannu wasu jerin haruffan madannansu AZERTY ne daga Faransa, wasu QWERTY. Ka danna a, ya shiga a matsayin q, kai ba ka gani tunda ɗigo-ɗigo ne ke fitowa. Rubuta ta a fili a wani wuri tukuna.

Akwai ƙofa ta biyu a gaba. Injin da ka ƙirƙira yana gudana da sunan libvirt-qemu, ba da sunanka ba, don haka yana iya kasa karanta fayil ɗin ISO, wato kwafin faifan saka Windows, da ke cikin /home naka. Kwafe shi zuwa /var/lib/libvirt/images, magana ta ƙare. Kada ka bi masu cewa chmod 777, umarnin da ke buɗe fayil ga kowa. Wannan cire ƙyauren gida ne don makulli ya ɓata.

In kuwa virt-manager ya yi ƙorafin babu /dev/kvm, ba batun izini ba ne. Shiga BIOS, saitin da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, ka kunna VT-x in Intel ce, ko SVM in AMD ce.

Sai dai ka sani, ɗan rukunin libvirt kusan daidai yake da root. Kwamfutarka ce kai kaɗai, ba laifi. Amma in ta ɗakin gwaji ce da ɗalibai ke rabawa, a bar kowa da qemu:///session, haɗin da ke aiki da ikon asusun mutum kawai: ba ya neman kalmar sirri, sai dai haɗa injinan da sauran kwamfutocin ɗakin ya fi wuya.