Ishaya 7:14: matashiya ce ko budurwa?

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa Yahudawa ba sa ɗaukar Ishaya 7:14 a matsayin annabcin haihuwar Yesu. Ayar ta ce wata mace za ta yi ciki ta haifi ɗa, kuma kalma ɗaya da ta siffanta macen ce tushen saɓanin. Nassin Ibrananci ya ce "alma", wato matashiya, amma tsohuwar fassarar Helenanci ta ce "partenos", wadda ba ta san namiji ba, kuma ita Matiyu 1:23 ya bi.

Sai dai kada ka tsinci ayar ita kaɗai. Ranar da na bi babin tun daga farko, yatsa kan layi, na ga Ahaz, sarkin Yahuza, ake ba alama, lokacin da Suriya da masarautar Isra'ila ta arewa suka taso wa Urushalima. Nan fahimtar Yahudawa ta tsaya: alamar ta zamanin Ahaz ce. Kiristoci da dama sun yarda da wannan, amma suna ganin cikar maganar sai a kan Yesu.